Dogayen Tayoyin Malam Rabe

Duk Bahaushen da ya sauka Manchester da akwati biyu da ƙullin garin kuka a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai shiga motar Malam Rabe ba. 'Yar Yaris ce ruwan toka, tsohuwa amma tsaf, mai ita kuma dogo ne siriri, ba ya tayar da ita sai ya ji kowa ya ce bisimillah kuma ya ɗaura bel.

Mutumin Malumfashi ne. A bakin tasha ya tashi, inda mahaifinsa ke gyaran kekuna. Ya fara da wankin mota, ya zama kwandasta, kafin gemu ya cika masa fuska ya karɓi sitiyari. Ya daɗe yana jan bas tsakanin Funtuwa da Kano da Gusau, daga baya wani asibiti a Zariya ya ɗauke shi direban motar marasa lafiya. A can ya haɗu da Suwaiba, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ce shi kaɗai ne direban da ke kawo mara lafiya ledar ƙarin ruwa ba ta lilo. Ya ɗauki maganar ya kai gida, ya juya ta, bayan sallah ya aika magabatansa.

A duk motocin da ya ja a ƙasarmu babu wadda malejinta ke aiki. Allurar na kwance a kan sifili tun daga Kano har Gusau. Da kunne yake tuƙi, da kukan inji, da yadda kujera ke girgiza masa ƙugu. Abu na biyu da ya tashi da shi kuwa, karatun ubangidansa ne na tasha: mota ba ta son gajeriyar ƙafa. In mota ta zo daga Turai, kafin a yi mata lamba ma sai an kai ta wurin mai faci an sa mata tayoyi masu tsawo, don kada cikinta ya riƙa sharar hanya. Lambar rim kawai za ka faɗa, sha huɗu ko sha biyar, sauran kuma aikin ido ne da babban yatsa.

Allah ya ba su 'ya'ya uku, duka da sikila. Biyu suka koma tun suna ƙanana. Saura Inaya. Saboda ita ne Suwaiba ta nace da neman aiki a Ingila, ta yi jarrabawa ta faɗi ta sake, har wata rana suka tsinci kansu a wani gida mai jan bulo a Moss Side, ɗaya daga cikin gidajen nan da ke manne da juna kamar haƙoran mataji.

Shekarar farko ta yi wa Malam Rabe nauyi. Mutumin da ya saba a jira shi a tasha, ga shi yana jiran bas, matarsa na nuna masa inda ake taɓa kati. Ya ce sai ya yi lasin ƙasar. Tuƙin bai ba shi wahala ba, jarrabawar kwamfuta ce ta kusa tsufar da shi. Sau biyu yana faɗuwa, ya dawo gida ya ajiye hula. Inaya ta zauna da shi tana fassara masa tambayoyin, tana cewa, "Baba, ba a tambayar ka abin da za ka yi a Funtuwa, abin da Bature ke so ka ce ake tambaya." A karo na uku ya haye. Ranar da ya ci ta hanya kuwa, a nan filin ajiye motoci ya yi sujjada, goshinsa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

A nan ya koyi sabon abu: a ƙasar nan allura ce sarki. Ya daina sauraron inji, ya koma kallon maleji. Ɗaliban da yake ɗaukowa daga filin jirgi sun gaya masa kyamarorin hanya na kau da kai daga 'yar ƙaramar ɗoriya, don haka yakan bar allurar ta ɗan gota kamar faɗin farce, ba fiye ba.

Da Inaya ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a Birmingham, lasin nan ya zama igiyar da ke tsakaninsa da 'yarsa. Suwaiba ba ta tuƙi. Duk Asabar zai ɗauki miyar kuka da dambu da fura a kula ya kama hanyar M6. In kuma ciwon ya tashi, ba ya tambayar jirgin ƙasa ƙarfe nawa, mukulli kawai yake ɗauka.

Matsalar ta faro ne daga tudun rage gudu. Layukan Moss Side cike suke da su, kuma duk ranar da ya ɗauko ɗalibai da akwatunansu daga filin jirgi sai cikin motar ya gurji tudun, ƙurrr, har cikin haƙoransa yake jin abin. Wata safiya ya je wani shagon tayoyi na hannu, ya ce sha huɗu, ya zagaya ya zaɓi huɗu mafi tsawo. Mai shagon ya dubi motar, ya dubi tayoyin, ya zubo wani Turanci mai sauri irin na Manchester wanda babu waƙafi a cikinsa. Malam Rabe ya yi murmushi ya ce, "No problem, my friend." Motar ta fito ta miƙe kamar budurwar da ta sa takalmi mai tsini. Tudun kuwa bai ƙara taɓa ta ba.

Ba a daɗe ba takardar farko ta zo, wai ya wuce ƙa'idar gudu. Aka ce ya zauna darasi a kwamfuta maimakon hukunci, ya zauna, yana ta mamaki. Bayan 'yan watanni ta biyu ta zo, da tara da makin laifi uku a kan lasin.

Suwaiba ta karanta ta ninke, ta ce, "Malam, ka san dokar sabon lasin? In bai cika shekara biyu ba, maki shida kawai, an soke. Ka koma learner, ka koma wa kwamfutar nan daga farko."

"Ni fa ban yi gudu ba."

"Ban ce ka yi ba. Na ce saura uku."

"Shekara talatin ina tuƙi ko akuya ban taɓa bugewa ba, sai yanzu ƙarfe a kan sanda zai ce na yi ganganci?"

"To ƙarfen ne alƙali a nan. Ka tuna da yarinyar nan."

Ai da ita ya kwana da ita ya tashi. Daga ranar ya janye ɗoriyar faɗin farcen, ya manne allura a kan lamba. A zuciyarsa dai ya bar abin a kan cewa kyamarar ce ta yi kuskure, kuma Allah ya isa.

Da aka shiga Satumba, Inaya za ta koma wani gidan ɗalibai a Selly Oak, ɗakin ƙasa, don hawa bene na tayar mata da ciwon ƙugu. Akwai tebur da katifa da na'urar ɗumama ɗaki da za a kai mata, kayan sun fi ƙarfin mota ɗaya. Sai Goodnews ta ce za ta bi su da tata. Goodnews abokiyar aikin Suwaiba ce, 'yar Kagoro, gajeriya mai murya kamar lasifika, Hausa a bakinta kamar a Fagge aka yanke mata cibiya. A nan Ingila ta koyi mota, abin da Malam Rabe bai taɓa barin ta ta manta ba.

"Sista," ya ce mata da safe suna ɗaure kaya, "ki bi bayana kawai. In kin ga na ɓace, ki tsaya ki yi kuka, zan dawo."

"Oga direba, kai dai ka yi a hankali, ƙafar tsoho ba ta jin totur."

Suka kama hanya. Da suka tsaya a wurin hutawa kusa da Stafford, Goodnews ta fito ta bugo ƙofa, ko jakarta ba ta ɗauka ba.

"Baba Rabe, wa ya mutu?"

"Subhanallahi. Wace irin tambaya ce wannan?"

"To gudun me kake? Sai da na kusa tamanin kafin in riƙe wutar bayanka!"

"Saba'in nake, cif, ƙa'idar hanyar ke nan. Suwaiba, ki faɗa mata."

"Ni dai saba'in na gani," in ji Suwaiba.

"Wallahi ba saba'in ba ne."

"Ke da ba kya rantsuwa da wallahi," ya ce yana dariya, "yau kin musulunta ke nan? Motarki ce ke da asma, Sista. Sha shayinki mu tafi."

Ba ta sha ba. Kafin ya gama gyara madubi ta riga ta fice ta shige gabansa. Can gaba kaɗan suka tarar da aikin hanya, inda aka matse layuka aka sa hamsin, ga kyamarorin nan masu ruwan ɗorawa a sama, irin waɗanda ke auna gudunka tun daga shiga har fita. Goodnews ta zauna a gabansa daram. Ya duba maleji: arba'in da biyar. Dama babbar mota, hagu shinge, ba hanyar wucewa.

"Kin ga 'yar Kagoron nan ko? Da gangan take yi."

"Ka yi haƙuri, Malam."

"Arba'in da biyar! Ko jakin Ɗan Baƙo na garinmu ya fi wannan sauri. Ni za a koya wa tuƙi? Ranar da na fara riƙe sitiyari uwarta ba ta yaye ta ba."

Ya ɗan haska mata fitila. Ta ɗago hannu ta taga ta yi masa alamar ya kwantar da hankali, irin yadda ake yi wa yaro. Haka ta ja shi har suka fita daga aikin, kuma ko da hanya ta buɗe, duk lokacin da ya yi niyyar wucewa sai Suwaiba ta ce, "Bar ta, ba ta san Selly Oak ba, kada ta ɓace." Ita ce a gaba, amma wai kada ta ɓace. Ya haɗiye.

A ƙofar gidan, Inaya na tsaye cikin rigar sanyi biyu tana jiran su. Ko gaisuwa ba a gama ba ya juya kan Goodnews.

"Sista, tsakaninki da Allah, me na yi miki? Wurin hamsin ki kafe ni a arba'in da biyar?"

"Hamsin nake, Baba. Ko gashi ban rage ba."

"Ɗayanku dai malejinsa na ƙarya," in ji Inaya. Ta zaro waya. "Map ɗin nan yana nuna speed, kuma ba ruwansa da mota, daga sama yake aunawa. Baba, zo mu zaga Bristol Road."

Suka shiga su huɗu. Ya ɗora allura a kan talatin ya riƙe ta kamar mai riƙe da ƙwai.

"Nawa?"

"Talatin da uku."

"Ki sake dubawa."

"Talatin da uku, Baba. Ga shi."

Suka dawo ƙofar gidan. Ya kashe mota, ya bar hannuwansa a kan sitiyari. Suwaiba ce ta fara cewa, a hankali, kamar mai tuno mafarki, "Malam, takardun nan ba su fara zuwa ba sai bayan da ka ɗaga motar."

"Ina ruwan taya da maleji?"

Amma ya fito. Suka durƙusa a gefen titi, ɗalibai na wucewa suna kallon su. Goodnews ta buɗe ƙofar direba ta nuna wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin, wadda ya sha gogewa da tsumma bai taɓa karantawa ba. An rubuta 175/65 R14. Inaya ta share ƙurar gefen tayar da yatsa: 175/80 R14.

"Ga sha huɗu nan, ga sha huɗu can," in ji shi. "Ina laifin?"

"Ta tsakiyar, Baba." Tana karantawa a waya tana mayar masa da Hausa. "Ta farkon faɗin tayar ce, a milimita. Ta ƙarshen girman rim, wadda ka sani. Ta tsakiya kuma tsayin gefen tayar ne, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi nawa ne cikin ɗari na faɗinta. Motarka sittin da biyar aka yi mata. Kai ka sa mata tamanin."

"Waɗannan fa na gaba, lamba da harafi?"

"Nauyin da za ta iya ɗauka, da iyakar gudun da za ta jure. Akwai kuma wasu guda huɗu a can ƙasa..."

"Wannan na san ta. Mako da shekarar da aka yi ta. 'Yan Road Safety sun koya mana ita da tsiya a hanyar Zariya." Ya sa babban yatsa a kan tamanin ɗin. Shekara talatin yana wuce lambar nan da ido. Sannan ya dubi matarsa daga sama har ƙasa.

"Suwaiba, in muka jera ni da ke zuwa masallaci, na yi taku ɗari kin yi taku ɗari, wa zai riga isa?"

"Kai mana, da ƙafafu kamar zalɓe."

"To shi ke nan. Motar nan taku take ƙirgawa, juyin taya. Ba ta san na ƙara mata tsawon ƙafa ba. Tana ƙirga taku irin na Suwaiba, tana tafiya irin tawa." Ya dafe kai. "Inna lillahi. Ashe ƙarfen nan gaskiya ya faɗa. Ni kuwa har Allah ya isa na yi masa."

"Sai ka je ka nemi gafararsa," in ji Goodnews. "Kuma in 'yan inshora suka ji ka canza girman taya ba ka gaya musu ba, wata rigimar ce."

Bai ji ta ba. Hankalinsa ya koma kan kyamarorin nan masu ruwan ɗorawa, da yadda allurarsa za ta ce hamsin alhali ba hamsin ba ne, da yadda ya yi ta neman hanyar wuce ta. Ya dubi Inaya, siririya cikin rigunanta biyu, idanunta da ɗan rawaya-rawayan da ba ya rabuwa da su.

Ranar bai koma Manchester da tayoyin ba. Bayan sun shigar da kaya ya nufi wani shago a Balsall Heath. Mai gyaran bai tambaye shi komai ba, ƙofar direba ya fara buɗewa ya duba. Da aka sauke motar daga jak sai ta koma 'yar gajeriyarta. Suwaiba ta ce, "Amarya ta cire takalmi." Gefen bakinsa ya motsa.

Saura tsoron abin da ya wuce, wato rabin hanyar da ya yi a gaba kafin Stafford. An ce in takarda za ta zo, cikin mako biyu take zuwa. Duk ranar da marfin ramin wasiƙu na jikin ƙofa ya yi ƙara, shi ke riga kowa isa wurin. Takardar ƙaramar hukuma ta zo, ta likita ta zo, tallar masu fiza ta zo har ba adadi. Ya yi sadaka da abin da ya samu, ya daina wasa da ɗalibai a mota. Mako biyu suka wuce, na uku ya bi bayansu, ba abin da ya zo.

Da yammacin wata Asabar ya sa babbar riga, ya ce wa Suwaiba ta raka shi gidan Goodnews. Tana buɗe ƙofa, dattijon nan ya durƙusa a kan dandamalin.

"Baba! Tashi, don Allah, maƙwabta na kallo!"

"Ba zan tashi ba sai na faɗa. Na zage ki a zuciya tun daga Stafford har Birmingham, ashe lasina kike riƙe mini da bayan motarki. Allah ya saka da alheri. Allah ya jiƙan mahaifa."

"Ba a zuciya kaɗai ba," in ji Suwaiba. "Har da jakin Ɗan Baƙo."

Goodnews ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta goge ido ta ce, "Ni fa ban san komai game da taya ba. Tsoro kawai na ji. Inaya ai 'yata ce."

Ya kawo mata turmin atamfa, ta ce ba za ta karɓa ba. Bai yi musu ba. Washegari Lahadi, da ta dawo daga coci a bas, ta tarar da motarta na ƙyalli, an wanke har cikin rim, an gwada iskar tayoyi. Ta yi faɗa, ya ce shi bai ga wanda ya yi ba. Har yau ba a kama mai wankin ba, kuma bai taɓa fashin Lahadi ba sai in ƙanƙara ta sauka.

Tudun Moss Side kuwa, ya koma hawa su a karkace kamar mai tsallaka kwata. In kaya sun yi yawa sai ya ce wa ɗalibin da ya fi ƙiba, "Dokta, sauka ka taka, mu haɗu a gaba."

A watan Janairu, wata Talata bayan azahar, waya ta yi ƙara. Abokiyar zaman Inaya ce, ta ce ciwon ya tashi tun safe, motar asibiti ta tafi da ita. Suwaiba na wurin aiki, ba za ta fito ba sai magariba. Malam Rabe ya ɗauki bargo da man zafi da mukulli. A kan M6 ƙafarsa na roƙon ya taka, zuciyarsa na roƙon ya taka, ya ɗora allura a kan saba'in ya ce mata ta zauna nan. Wannan karon ya san saba'in ɗin saba'in ce.

Ya same ta an sa mata ƙarin ruwa, allurar rage zafi ta fara aiki, leɓɓanta sun bushe. Ta buɗe ido da ƙyar.

"Baba, ka zo."

"Na zo, uwata. Ina ne ya fi ciwo?"

Ta nuna gwiwa. Ya ja kujera, ya naɗe hannun riga, ya fara matsa mata a hankali kamar yadda yake yi tun tana goye. Da barci ya ɗauke ta, ya kira Suwaiba ya ce hankali ya kwanta. Sannan ya danna wa Goodnews saƙon murya, ƙasa-ƙasa don kada yarinyar ta farka.

"Sista, na iso. Tana barci. Na ce bari in gaya miki, don da ƙafarki na zo, ko gashi ban ɗora a kan saba'in ba."

Ba a jima ba amsa ta shigo. Ya kara wayar a kunne ya rage sauti, amma duk da haka sai da matar gadon kusa ta waiwayo.

"Oga direba, bar dogon Turanci. Ka ba ta ruwa ta sha da yawa. Ina tashi aiki zan ɗauko Suwaiba mu taho, kuma ka ce wa 'yata ina kawo mata kunun gyaɗa."